Hotunan da Ke Cikin Kwandon Shara

Shagona na Wurno ɗaki ɗaya ne da rabi, a bakin hanyar da motocin albasa ke bi. Kwamfuta biyu gare ni, da firinta, da kyamara, da farin ƙyalle da nake ratayawa a bango in zan ɗauki hoton fasfo. Tun da ruwan madatsar Goronyo ya zaunar da mutane kan noman rani, takardu sunka yi yawa, ta fili, ta ƙungiyar manoma, ta taki, kuma kowace sai an manna mata fuskar mai ita. Haka na ɗauki manoman ƙasarmu hoto tun daga Marnona har Magarya, wasu ko hular kirki babu, sai na ara musu tawa.

Ga yadda nake aikina, kuma kada wanda ya yi mini dariya, wadda aka yi ta isa. In na buga wa mutum fasfonsa, sai in ja hoton in jefa shi cikin kwandon shara na kwamfutar, allo ya zauna fes, aikin da ban gama ba kaɗai ke gabana. Amma ban taɓa zubar da kwandon ba, ko sau ɗaya. A wurina shi ne rumbu. Ba a makaranta na koyi kwamfuta ba, da hannuna na laluba, na ga abin da aka jefa wurin shina nan in an koma, sai na ce ai shi ke nan, na samu ma'aji.

Mutanenmu ba su ɗaukar hoto don sha'awa. Dattijo zai yi furfura ya gama, hotonsa guda ɗaya tal a duniya, wanda aka manna a takardar fili aka kulle a ofis. In ya rasu, bayan sadakar arba'in sai ka ga ɗansa ya shigo shago shina sosa ƙeya, ya ce, "Malam, ko hoton Baba na nan?" Sai in buɗe kwandon mu yi ta gangarawa tare, fuska bayan fuska, har ya ɗora yatsa a kan allo, daidai fuskar mahaifinsa. In fiddo hoton, in ƙara masa girma, in buga. Duk cikin aikin shagon babu wanda nake so kamar wannan.

Ana nan sai aka mayar da rajistar manoma ta intanet, shafin kuwa ya ƙi buɗewa a kwamfutocina. Aka ce tsarin da ke tuƙa su ne ya tsufa, sai an sauke shi an ɗora sabo. Na kira taubashina, ɗan kawuna, mai shagon gyaran kwamfuta a Sakkwato. Tare munka tashi a gidan kakanmu na Rabah, kwano ɗaya muke sa hannu. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara, ya zage ni in zage shi, ba mai fushi, haka al'ada ta ba mu. Amma ranar da ya zo ban yi wasa ba. Na zaunar da shi gaban babbar kwamfutar, na buɗe kwandon na nuna masa.

Na ce, "Ka ga wanga wuri? Kahin ka taɓa komi, shi za ka hwara kwashewa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai dai baƙauye ne har cikin kwamfuta. Wa ke ajiya a juji?"

"Na ji. Ka dai kwashe."

"An gama. Tahi ka sawo muna hura."

Na tafi. Da na dawo aikin ya yi nisa, ya zaro wani ɗan baƙin faifan ajiya daga aljihu ya kaɗa mini a fuska, ya ce komai na ciki. Kafin la'asar kwamfutocin biyu sun zama sababbi, shafin rajista na buɗewa tun kafin ka ɗauke yatsa. Na leƙa kwandon, wayam. Na juya na dube shi. Ya ce in kwantar da hankalina, sabon tsarin ba ya karanta tsofaffin hotuna sai ya juya su a shagonsa, mako mai zuwa zai aiko mini. Na yarda. Mi zai hana in yarda? Har tasha na raka shi, ina ɗauke masa da ƙullin tafarnuwa da albasa ya kai wa iyali.

Ba a yi kwana biyar ba wata mata ta yi sallama a shagon. Daga Magarya take, ta gama takaba ke nan. 'Yan bindiga sun tare mijinta a hanyar wani ƙauye ta wajen Rabah, sai gawarsa aka kawo mata. Ta tuɓe takalma a bakin ƙofa ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta kwatanta mini shi. Na gane shi sarai. Dogo ne, ya zo mini daga fadama da laka har gwiwa, kuma sau uku na sake ɗaukarsa don da na ɗaga kyamara sai dariya ta kama shi. Ta ce ɗiyarsu ba ta fi shekara biyu ba, tana son in ta girma ta ga fuskar ubanta.

Na ce, "Hoton na nan, baiwar Allah. Ki dawo ranar kasuwa."

Ta dawo ranar kasuwa, a kan babur ɗin kabu-kabu, da ɗiyar goye a bayanta. Na riga na kira taubashina, ya ce wuta ce babu a unguwarsu. Na faɗa mata haka. Mako na gaba ya ce ya tafi wani aiki Goronyo. Na faɗa mata. Na gaba da shi ya ce faifan na hannun wani abokinsa da ya fi shi iya juya hotuna. Wannan ma na faɗa mata, har ina ƙara masa gishiri, ina cewa aikin ya kusa, saura kaɗan. Kowane mako ta tuɓe takalma, ta gaida ni, ta ji abin da zan ce, ta ce, "Allah shi kai mu," ta fita neman mai babur. Ni kuma ina ta aikina, layin manoma har waje, kullum sababbin takardu da sababbin hotuna na shiga babbar kwamfutar.

A mako na bakwai aka yi suna a gidan kawu, can Rabah. Motar da na hau ta lalace a hanya, ban iso ba sai da aka gama raɗin suna, maza sun koma gindin darbejiya suna cin waina. Tun daga bayan katanga na ji ana sheƙa dariya, na ji muryata a bakin wani. Taubashina ne ke kwaikwayona: "Ka ga wanga wuri? Ka ga wanga wuri?" Na tsaya cik.

Shina cewa, "Ni dai na kwashe abin da ke kan allo. Na duba sharar tasa, na ga in na tsaya kwasar ta sai motar ƙarshe ta bar ni. Sabon tsari na hawa, sai ta bi iska."

Wani ya tambaye shi ko ya gaya mini.

"In gaya mai ya cinye ni ɗanye? Mako-mako nike ba shi, in ya gaji ya manta."

Wallahi ban san lokacin da na zagayo katangar ba. Na tsaya a kansa, na ce ya maimaita. Ko kunya bai ji ba, sai ya buɗe hannu ya ce, "Haba taubashi, wasa ne." Kawu ma da ke zaune a kan buzu ya ce, "Ku dai da wasanku, kada ku ɓata muna taro." Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai. Duk mutanen da ke wurin sun ji abin da ya yi, amma tun da ɗan kawuna ne, an ba shi lasisin yi mini komai, ni kuma in na yi fushi ni ne marar tarbiyya. Na ja shi gefe na ce ya ba ni faifan. Ya ba ni, don dama a aljihunsa yake, bai taɓa zuwa hannun wani aboki ba. Shina miƙo mini ya ce, "Hotunan matattu ne hwa, mi za su ƙara musu?" Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su nan ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Washegari na ɗora babbar kwamfutar a cinya har Sakkwato, na kai wa wani mai gyara da ban taɓa gani ba. Ya yi ta bincike tun hantsi har azahar, sannan ya tambaye ni yaushe aka ɗora sabon tsarin. Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Ya ce da a kwanakin farko na kawo ta, kafin in ci gaba da aiki a kanta, da ya ceto da yawa, don abin da aka goge ba ya ɓacewa nan take sai an rubuta wani a kansa. Makonni bakwai na rajista sun bi ta kansu. Abin da ya iya fiddowa 'yan gutsattsari ne, rabin hula, kafaɗa, farin ƙyallen bangona. Ashe da mantuwa ce ko ƙyuya kaɗai, da an gyara ta. Ƙaryar ce ta kashe su, kuma shi mai sana'ar ya san haka tun ranar da ya hau mota da tafarnuwata.

Ranar kasuwa ta zo. Na so in kulle shagon in ɓace, amma na zauna. Da matar ta zo ta tuɓe takalma ta gama gaisuwa, na ce mata babu hoton, ya goge, ba zai dawo ba. Na fara ba ta labarin taubashina, yadda ya rantse, yadda ya yi ta ja na. Ta ɗaga hannu ta tsai da ni.

Ta ce, "Malam, ni ban san ɗan kawunka ba. Kai na sani, kai ka ce min shina nan."

Na ce ai ni ma haka aka faɗa mini.

"Ka gani da idonka?"

Ban gani ba, ko sau ɗaya ban ce a nuna mini ba.

Ta gyara goyonta ta ce, "Da ka ce min ba ka da tabbas tun ran hwarko, da na yi kukana sau guda na huta. Na riga na gaya ma uwatai za ta ga ɗanta kahin azumi. Tsohuwar har ƙusa ta sa anka buga mata a bango."

Ta sa takalmanta ta fita. Na bi ta bakin ƙofa ina cewa ko in kira mata mai babur, ta ce in bar shi, za ta taka zuwa tasha.