Wa-Kake-Jira Ya Rataye Hular Kwano

Ni na fara gane shi. Kafin injiniyoyi su gane, kafin 'yan kwangila su soma rububinsa, kafin ma shi kansa ya san abin da ke hannunsa, ni na dube shi na ce wannan zai gyara aikin gini. Ban taɓa zama a aji ba. 'Yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini baki. Amma bulon da hannun nan nawa ya jera, in aka tara shi wuri ɗaya gari guda ne. Deki, wato rufin kankare, ya taɓa rufto mini na fito da raina, har yau Ƙi-Mutu ake ce mini. Saboda haka in na ce mutum ya iya, to ya iya.

Wanda nake wa jinjina shugaban ma'aikata ne a wurin gini, wanda muka laƙaba wa Wa-Kake-Jira. Watan jiya ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi hawan tsani. Ba a yi masa taro ba. Ya miƙa makullin sito, ya rataye hular kwanonsa a ƙusa, ya bi ta ƙaramar ƙofa, injin kwaɓi na ta ruri ko sallamarsa ba a ji ba. Ni da nake gadin ƙofar yanzu, tunda baya ya hana ni sunkuyo, ni kaɗai na riƙe hannunsa. Abin nan ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce sai an rubuta.

Kullum shi ke riga kowa isowa. Zai zagaye ginin hannu a baya, alli a aljihu, yana ture guntayen katako da ƙafa daga hanyar baro. In ya gama, sai ya ɗauki guntun rodi ya buga wani tsohon ƙarfen taya da ya rataye a bakin sito. Da jin ƙarar, kowane babban mai sana'a zai zo: birkila, kafinta, mai famfo, mai waya, mai lanƙwasa rodi, har direban tifa in yana kusa. A tsaye ake yi, ba kujera, don kada hira ta yi daɗi. Abu biyu yake tambayar kowa: me za ka gama yau, kuma wa kake jira?

"Mai famfo, wa kake jira?"

"Birkila. Bai bar mini ramin bututu ba."

"Yaya Ƙi-Mutu, ka ji."

"Na ji. Ai shi ma jiya a wurin mai shayi ya wuni, ko bututun bai sauke ba."

"Yaya, ban tambaye ka jiya ba. Yaushe zai sami raminsa?"

"Kafin rana ta take."

"Kowa ya ji shi. In rana ta take babu rami, shayin kowa na wuyansa."

A yi dariya a watse. Amma ka san ka yi alkawari a gaban tsararka, ba a gaban mai gida ba, kuma wanda ke jiranka ga shi nan yana kallonka. Kunyar nan ta fi tsawa aiki.

Yaran yanzu ba su san yadda muka taso ba. A da kowace sana'a abokiyar gabar 'yar'uwarta ce. In gama yaɓe bango ya yi sumul kamar fuskar amarya, gobe mai waya ya zo da kurfi ya tsaga shi daga sama har ƙasa. Ya tafi, in toshe, jibi mai famfo ya zo da nasa kurfin. A jibge siminti a sito har na ƙasa ya koma dutse. Leburori su wuni a inuwa suna jiran yashi, ranar da yashi ya zo kuma babu ruwa. Muna ganin haka gini yake.

Har ranar da dekin ya faɗo. Kafinta na bukatar sandunan tokara a wani ɓangaren, ya ɗauka dekin nan ya daɗe da zubawa, ba wanda ya gaya masa ɗanye ne, shi ma bai tambayi kowa ba. Ya sa aka cire. Ni da abokina Dogo muna ƙasa muna jera bulo. Ni aka zaro da karyayyen haƙarƙari. Dogo sai gawarsa, ya bar mata da goyo. Wa-Kake-Jira a lokacin mai kula da leburori ne kawai, yana cikin waɗanda suka yi tono da hannu har faratansu suka fita. Da ya zo duba ni a asibiti sai ya ce, "Yaya, ba siminti ne ya kashe Dogo ba. Mutum biyar sun san dekin nan ɗanye ne, kuma duk sun gaisa da kafinta da safe." Ina kwance ko numfashi da ƙyar, na ce a raina, shi ke nan, ga shi. Ranar na gane shi, ba wanda ya riga ni.

Da aka ba shi shugabanci ya kawo tsayuwar safe, ya kuma kawo alli. Ba a yaɓe bango, ba a taɓa sandar tokara, sai kowane mai sana'a ya zo da ƙafarsa ya yi alamarsa a jiki, ma'ana na gama da nan, a ci gaba. Yawancinmu ba mu iya rubutu ba, sai kowa ya zaɓi tasa. Mai famfo da'ira, mai waya karkataccen layi, ni kuma sawun kaza, kuma duk wurin ba alamar da ta kai tawa kyau. Siminti ya hana a jibge, a kawo na 'yan kwanaki, ya ƙare a sake kawowa. Da farko direban tifa har zaginsa ya yi. Daga baya shi ke zuwa da kansa yana tambayar me za a bukata jibi.

Akwai wani ɗakin haihuwa da muka gina. Tun ba a sa diga a ƙasa ba Wa-Kake-Jira ya roƙi mai zanen ginin, wata baiwar Allah mai sanyin hali, ta zo filin tare da ungozomomin da za su yi aiki a ciki. Muka shata ɗakunan da farar ƙasa, muka tsayar da kwalaye a madadin bango. Aka ɗora ƙyaure a kan baro a matsayin gado, aka rasa wanda zai hau.

"Yaya, kai ka saba da kwanciyar asibiti," in ji shi.

Haka aka kwantar da ni, gardi da ni, babbar ungozoma na tura ni tana cewa, "Yi nishi, Baba, saura kaɗan." Muna zuwa kwanar ɗakin tiyata ƙyauren ya maƙale. A yi baya, a yi gaba, ya ƙi. Mai zane ta yi dariya har da hawaye, ta durƙusa a nan ta ɗora takarda a gwiwa, ita da ungozoma da mai famfo suka haɗa kai suka faɗaɗa kwanar. Mai zane ta ce, "Gara da muka gani a farar ƙasa." Matar nan ta riƙe hanyar, ta kai ta wurare da yawa, kuma ko yaushe tana faɗin inda ta koya. Sai dai na ji yanzu abin ya sami dogon suna, ana koyar da shi a manyan ɗakunan taro masu sanyi, kuma ba a taɓa ajiye wa mutumin nan kujera a can ba.

Wa-Kake-Jira, kai ne ka sa kafinta da birkila suka ci abinci a kwano ɗaya. Kai ne ka tsayar da injiniya da mai lanƙwasa rodi kafaɗa da kafaɗa, kowa ya faɗi nasa a saurare shi. Kai ne wanda tun daga Dogo ba a sake ɗaukar gawa a wurin aikinka ba. Bango abin jingina, ƙanena na kaina.

To ga abin da ke ci mini rai. Ginin da Wa-Kake-Jira ya bari makaranta ce mai hawa, ba a gama ba. Sabon manajan ba mugu ba ne, yana gaishe ni har da rusunawa, amma ya ce tsayuwar safe cin lokaci ce, a riƙa tura komai ta waya. Rabinmu ba ma karatu, sauran kuma wayoyinsu na aljihun riga a rumfa. Makon jiya ruwan sama ya sa aka jinkirta zuba dekin sama, lokacin kafinta ya tafi jinyar mahaifiyarsa. Aka tura masa saƙo, bai gani ba. Ya dawo da tsohon lissafi a kansa, ya kira mutanensa a cire tokara. Daga ƙofa ina hangensu, ga masu yaɓe a ƙasa. Har ya ɗaga guduma, sai idonsa ya nemi alli a jikin ginshiƙi bisa sabo. Babu. Ya sauke guduma ya tafi tambaya. Da ya dawo sai ya zauna a kan bulo ya riƙe kai, ya daɗe bai tashi ba.

Sabo ne ya cece su. Amma sabo na goguwa, kuma sababbin da ake ɗauka ba su taɓa ganin alli a ginshiƙi ba.

Na je gidan Wa-Kake-Jira na ba shi labari. Na same shi a zaure, gwiwa a ɗaure, matarsa ta kawo ruwa ta koma. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Su kafinta da mai famfo suna nan, sun san komai. Wa suke jira?"

Na ce, "Kai."

Ya kawar da fuska. Ya ce, "To ashe aikin banza na yi, Yaya. In sai ina nan, ban koya wa kowa komai ba."

Na yi masa sallama na koma bakin ƙofata. Sai yanzu nake ba ka amsa, Wa-Kake-Jira, a gaban jama'a. Ba aikin banza ka yi ba. Masu yaɓen nan sun koma gida wurin 'ya'yansu, kuma hannunka ne ya sauke gudumar, ko da kana zaune a zaurenka. Mun gode. Allah Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya saka maka da abin da mutane suka kasa.

Ku kuma da kuka tsaya a gabansa shekara da shekaru, ba zai dawo ba, ku daina leƙen ƙofa. Tsayuwar safe ba ta bukatar izinin kowa, ku taru kafin a tayar da inji, ku gayyaci manaja, in ya ga amfani zai zo. Masu zane, ku fito fili tun ana shata. 'Yan kwangila, ku bar mutanenku su yi wa juna magana baki da baki.

Wanda kuma yake ganin surutun tsoho ne, kada ya tsaya musu daga nesa. Ya gwada a nasa ginin na mako ɗaya tak. In bai ga bambanci ba, ya zo da rezarsa, ina bakin ƙofa kullum, ya aske mini gemun nan tas a gaban leburori. Ni zan kawo sabulun.