Maganar Littafin Aro Taka Ce, Ragib

Ranar Talata, 14 ga Janairu, na ga takardar rasuwarka mai koren baki manne a turken lantarki kusa da gidan burodi. Ragib Telalović, mai aski, shekara tamanin da ɗaya. Na karanta har ƙasa, na sayi burodina, na koma gida. Na je jana'iza, na zuba ƙasa tare da jama'a. Har yau ban yi kuka ba.

Kowa a Tuzla ya san maganar nan: "Ai shi mutum ne mai amana, duk littafin da ya ara sai ya mayar da shi har da abin da ke ciki." Wato ko kalma ɗaya ba ta zauna masa a ka ba. Kowa kuma zai rantse cewa marigayi Zijo Kalaba, ɗan barkwancin rediyo, shi ya yaɓa wa wani minista ita. Ƙarya ce. Kai ka faɗe ta a shagonka cikin 1976, da reza a hannunka, Zijo na zaune yana jiran layi. Bayan wata biyu muka ji ta a rediyo. Haka garin nan yake: in sananne ya faɗi magana, hikima ce, in mai aski ne, rashin kunya.

Lokacin da aka kore ni daga koyarwa, waɗanda na koya wa harshen Latin suna tsallake titi in sun hango ni, kai ne kake leƙowa daga ƙofa: "Farfesa, shigo in sare maka wannan dajin, kada a zaci waliyyi ka koma." A shekarun yaƙi, duk Juma'a sai ka bi gidajen tsofaffin da ba sa iya tashi ka yi musu aski. Da matata Zumreta ta rasu, kwana arba'in kana hawo matakalata da tukunyar miyar wake, kana zagin gwiwoyinka.

Abu ɗaya tak ka taɓa nema a wurina. Shekara goma da suka wuce, wata malamar jami'a ta zo bin asalin maganganun gari don ta yi littafi. Ka sa kwat ɗinka na Sallah, ka kawo ta gidana.

"Ga shaidata," ka ce. "Šefkija, gaya mata, ai kana wurin."

Na zuba mata kofi, na ce ban tuna ba. Ta rubuta sunan Zijo. A bakin ƙofa ka ce, "Ba komai, maƙwabci. Gobe ka leƙo, ƙeyarka ta cika." Ba ka sake ta da zancen ba.

Na tuna sarai. Ni ne a kan kujerar, kumfa a fuska, sabon dawowa daga Zagreb da digiri, ina yi muku lacca. Babu wani minista. Ni ka zaga, kuma ba ka yi mini ƙarya ba. Na gwammace a bar wa wani abinka da a san ni ne.

Na nemi malamar, an ce ta yi ritaya, littafin ma ba za a sake buga shi ba. Shaidar da ta rage ke nan, ta zo bayan an rufe ka.

Allah Ya jiƙan ka, Ragib, Ya yalwata kabarinka, Ya sa askin Juma'o'in nan a mizaninka. Ya ba matarka Hajrija da 'yarku Senada haƙuri. Senada, ki gaya wa yaranki maganar ta kakansu ce. In sun tambayi wa aka zaga, ki nuna musu ƙofata.

Šefkija Mulabdić, Tuzla