Injin da Aka Yar a Bayan Bariki

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. Ban yi karatu ba. Abin da na sani ƙarfe ne.

Shekarar da mota ta fara shigowa ƙasarmu ta Kurfai, ina cikin waɗanda aka kama aikin hanya. Wata uku muna saran kaba muna shimfiɗawa kan rairayi don kada ƙafar motar kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, ta nutse. In ta nutse duk da haka, mu ne masu turawa. Rannan cikin dallol, babban kwari mai rairayi, ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta mutu. Direban, wani tsohon soja Bazabarme, ya buɗe gabanta. Na matsa in ga abin da ke ciki. Gardi, dogarin kumandan, ya zuba mini bulala a wuya, ya ce idon ɗan aiki na hanya ne. Da igiya muka ja ta har Filinge.

Bayan an sallame mu na ji labari an kawo sabon inji daga Yamai, an ciro tsohon an wurga cikin ramin shara a bayan barikin Filinge. Ran kasuwa na je na gan shi, kaji na tono a gefensa. Ban tambayi kowa ba. Su ma da suka ci wata uku na raina ba su tambaye ni ba.

Ƙananan kayan na kwance na kwashe a jaki, kasuwa uku. Gangar jikin ta fi ƙarfin jaki. Na nemo wani Buzu mai raƙumi daga wajen Bonkuku. Tsakaninmu da Buzaye wasa ne tun kakanni.

"Maƙeri bawana," in ji shi, "wagga tukunya mi za ka dafa ciki?"

"Raƙuminka, in ya kasa ja."

Muka ɗaura shi kan itace biyu, raƙumi ya ja shi rabin yini har ƙofar gidana.

Wana shi ne babbanmu tun rasuwar mahaifinmu, maƙera ɗaya muke aiki. A shekarar ba a narka tama ba, domin mazan da za su haƙo ta duk suna kan hanya. Ba sabon ƙarfe a garin, ga damina tana tafe, hauyoyin mutane sun cinye. Ya zo ya zagaya injin sau biyu. Ya ɗauki wani fasasshen murfi ya sa masa masaba, ya tarwatse kamar kasko.

"Jikin banza ne, bai ƙeruwa," in ji shi. Sai ya taɓa wata doguwar sanda ta cikin injin mai gwiwoyi da hannuwa huɗu da ke riƙe da ita, ya ƙwanƙwasa ya saurara. "Amma wanga ƙarfe ne na gaske. Allah ya ba garinmu hauya."

"Ba na fasawa ba ne, Yaya."

"Na mi ne?"

"Tada shi za ni yi."

"Ka tada shi ya kai ka ina? Ba shi da ƙafa."

"Ba inda za shi. Kuka za shi yi, nan cikin gidana."

Wana yana da ikon ya sa a ɗauke injin a ranar, ba mai cewa don me. Bai yi ba. Ya ce, "Ran da ruwan shuka ya sauka, in bai yi kuka ba, wuta za shi. In ya yi, naka ne, ban ƙara magana." Na ce na ji.

Mu maƙera kowa da shaidarsa, wadda yake bugawa a kan aikinsa. Kuma ba a aikin ƙarfen da ke ɗauke da shaidar wani. Sai ka goge ta tukuna, in ba haka ba ƙarfen yana nan yana jin hannun mai shi, ba ya jin naka. Mahaifinmu ya kan yi duka a kan wannan. To, abin da na fara yi ke nan. Na ɗauki magagari na bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Akwai rubutun Nasara a jikin gangar, na goge. A gaba akwai faifai biyu masu haƙora da ke cizon juna, babba da ƙarami, kowanne da ɗan ɗigo ɗaya a gindin haƙori. Su ma na goge su sumul. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Daga nan na shiga cikinsa. Da safe in yi aikin maƙera tare da wana, bayan azahar in koma ƙarƙashin rumfata. Turame huɗu ne a ciki, kowanne da taɓaryarsa mai hawa da sauka. Ɗaya ta kafe. Na jiƙa ta da man zurma kwana da kwanaki, na dinga bugunta da guntun itace har ta saki. A wuyan hannunta akwai farin ƙarfe mai laushi da ya narke ya zube. Na narka kuza da dalma na zuba sabo, na kankare da wuƙa har ya zauna. Sau huɗu na zuba kafin ya yi. Shimfiɗar da ke tsakanin kai da jiki ta ƙone, na buga jan ƙarfe ya yi faɗi kamar ganye na yanka irinta. Ƙananan ƙofofin da ke buɗewa su rufe a kan turamen na wasa su da tankaɗaɗɗen rairayi da mai. Abin kwance ƙusoshi ma ni na ƙera shi, baki uku.

Da na gama haɗawa na ƙera wuƙa mai kyau na kai wa direban a Filinge. Ya gane ni.

"Kai ne mai leƙe," in ji shi.

Na gaya masa abin da nake yi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma ya karɓi wuƙar. Ya ba ni kwalba ɗaya ta esansi, man da injin ke sha. Ya ce akwai ƙaramin akwati a gefe mai ba da wuta, kada in buɗe shi ko da wasa. Ya nuna mini yadda ake murɗa sandar tadawa.

Na dawo na girke injin kan kututture, na ɗaure da igiyar fata, na cika cikinsa da ruwa, na ba shi mai. Na murɗa. Shiru. Na murɗa har rana ta karkata. Sau ɗaya ya yi atishawa ta inda ya kamata ya sha iska, ya tofa wuta. Na sake murɗawa da ƙarfi, sandar ta dawo baya ta doki hannuna na dama. Na ji ƙashi ya yi ƙara. Mai ɗori ya ɗaure shi da karare. Rabin kwalba ta tafi a banza.

Washegari na ga wana ya aika a ƙona masa gawayin ƙirya, na aikin ƙira.

Na yi ta tunani, na kasa gano laifin. Abin da ban fahimta ba kawai faifan nan biyu ne, don haka na cire su da hannun hagu na sa a burgame na koma wurin direban. Ya juya su, ya kai su rana, ya shafa da yatsa.

"Ina ɗigon?"

"Na goge."

"Don mi?"

"Shaidar wani ce."

"Kai, maƙeri. Ba shaida ba ce. Ɗigo kan ɗigo aka haɗa su, shi ne haƙori ya san abokinsa. In ka kuskure haƙori ɗaya, abin ba ya tashi. Ka kashe shi da hannunka."

"To nuna mini inda suke."

"Ni ina na sani? Ɗigo kan ɗigo anka koya mini, shi ke nan. Kai shi maƙera a yi hauya, ka huta."

"Wanda ya sa ɗigon farko, wa ya nuna mishi wurin?"

"Wancan ai Nasara ne."

"Maƙeri ne," na ce. Na kwashe faifaina.

A hanya na ji haushin kaina, ban ɓoye ba. Amma ban yi nadamar gogewar ba. Da na bar shaidarsu, ko ya tashi nasu ne.

Na zauna gabansa na bar ƙarfi, na koma kallo. Na cire abin da ke kawo wuta a kan turmi na farko, na toshe ramin da babban yatsa, na juya sandar a hankali da gwiwa. Taɓarya ta sauka, ramin ya tsotsi yatsana. Ta hau, ya ture shi. Tun ina ƙarami nake zuga. Na san fata mai shan iska da fata mai fitar da ita. Wannan ma zugazugi ne, sai dai na ƙarfe. Ƙofar shan iska dole ta buɗe lokacin da taɓarya ta fara sauka. Ƙofar hayaƙi dole ta rufe a daidai nan. Yadda na haɗa shi, yana buɗe baki lokacin da ya kamata ya riƙe numfashi.

Na dinga cire faifan ina matsar da haƙori ɗaya, in shafa gawayi a wurin, in mayar, in juya, in duba. Da hannu ɗaya aikin yini ne a yi uku. Da ƙofofin suka daidaita na koma kan wutar. Ba ni da hanyar ganin lokacin da take zuwa, sai na riƙe wayar da yatsa ina juyawa. Cizonta har gwiwar hannu. Na sha shi ba adadi, ina matsar da akwatin, har cizon ya zo daidai lokacin da taɓarya ta matse iska ta kai ƙarshe. Ban ƙona ɗigon mai ko ɗaya a gwaji ba. Abin da ya rage bai isa wasa ba.

Shamuwa ta riga ta zo. Gabas tana haɗa hadari kowace la'asar tana watsewa. Manoma sun fara zuwa maƙera da guntayen hauyoyinsu suna zama, suna kallon rumfata.

Wata safiya na ga abin ya yi. Amma tadawa sai da fizga mai ƙarfi, hannuna kuwa yana cikin karare. Na tafi wurin wana, yana tsugune gaban uwar maƙera.

"Yaya, hannunka nika so."

"In tada abin da nika jira in fasa?"

"In ka ƙi, cewa za a yi tsoronsa ka ji."

"Wa zai ce?"

"Ni."

Ya ajiye awartaki ya biyo ni. Manoman da ke zaune suka biyo mu. Na nuna masa ya ajiye babban yatsa gefe ɗaya da sauran, ya ja sama, kada ya tura ƙasa. Na zuba sauran man duka. Na sani yana iya jan hannu da gangan ya ce ya gwada. Ya tofa yawu a tafi ya fizga da dukan ƙarfinsa. Shiru. Ya sake. A na uku ya yi tari. A na huɗu ya kama.

Kututturen ya dinga rawa a ƙasa, hayaƙi ya cika rumfar. Jakina ya tsinke igiya. Mata suka fito da taɓare a hannu. Wana ya ja da baya taku biyu ya tsaya, bakinsa na motsi, ba a jin abin da yake faɗi. Na ɗora tafin hagu a jikin gangar na bar shi nan har zafi ya kore ni. Bai daɗe ba, kamar a surfa gero turmi ɗaya, man ya ƙare, ya yi shiru da kansa.

Kwana biyu bayan haka ruwan shuka ya sauka.

Mutane suka taru a maƙera. Wani dattijo, abokin mahaifinmu, ya ce da wana, "Kun ji kukan, mun ji. To, a fasa shi hakanan. Ciyawa ba ta jiran kowa."

Wana ya ce, "Na ba shi magana, Baba."

Dattijon ya juyo kaina. "Ɗana, don abin wasa za ka bar garinku ba hauya?"

"I, Baba."

Aka zage ni, na ji. Damanar nan ƙarfe biyu tsofaffi muke haɗawa su zama hauya ɗaya, ni ina zuga da hagu, wana yana bugu. Na ba da takobin mahaifinmu da ya faɗo rabona, ya fitar da hauya biyu. Ba su isa ba. Gonaki da yawa ciyawa ta ci su, har da tawa. Gidaje uku suka kai aikinsu Bonkuku, ba su ƙara dawowa maƙerarmu ba.

Wana bai taɓa ko ƙusa ɗaya ta injin ba, bai kuma bari wani ya taɓa ba. Amma bai sake sa hannu a akushi ɗaya da ni ba sai da aka shigar da gero rumbu.