Uwar da Ba Ta Je Bakin Kogi Ba

Bazara ce, irin wadda kogi ke janyewa har yashi ya fito fili, mangwaro ya yi arha har awaki na tsallake wanda ya faɗo. Babu ciwo babu rashi a gidanmu shekarar, amma ta zo mana da nauyi. Ƴata ta fari ce za ta zauna jarrabawar bak ta gama sakandare, ita ce ta farko a zuriyarmu da ta kai nan, kowa na takawa a hankali kamar gidan mai jego. In ta samu, Yamai za ta wuce jami'a, na kuwa san wanda ya tafi can karatu ba ya dawowa ya zauna tsakar gidan uwarsa.

Ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka tashi muka tarar, akwai kunya tsakanin uwa da ɗan fari: ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa gaban mutane, ba ki yabonsa. Da na yaye ta, Inna mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Tunuga, can ta girma bakin ruwa, sai da ta shiga kwaleji ta dawo Gaya wurinmu. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena na faɗa. Ni kuwa in ina nemanta sai in ce "ta Inna", ko in yi wa wani maganar tana ji.

Tana da ƙawa ƴar ajinsu, ƴar Dandawa, uwarta na sayar da kifi a kasuwa. Yarinya ce mai baki kamar rediyo, kuma ta cikinta nake jin labarin lakwal ɗinsu, wato makarantar boko. Ni karatun manya na yi, na yaƙi da jahilci, da Hausa, bayan na haifi uku. Ina karatu ina rubutu daidai gwargwado, faransanci kuwa sai na gaisuwa.

Ran nan da la'asar ina juya shinkafar da na turara na shanya a tabarma, su biyu suna gindin mangwaro da takardunsu. An ba su aikin rubutu kan wani littafin labari, an maido musu ranar.

"Mama, ki yi guɗa," in ji ƙawar. "Ƴarki ta cinye ajin kaf. Ni kuwa mushe, malaminmu, ya yi mini ado a takarda da jan bik kamar lallen amarya."

Na ce, "Allah ya ƙara. Wane irin aiki ne?"

"Mutum ɗaya za ki zaɓa cikin littafin, ki faɗi halinsa, ki kawo hujja daga cikin labarin, sa'annan ki ce ga abin da mai littafin yake son nunawa. Jigo ke nan. Ni direban kwalekwale na zaɓa, don bai cika magana ba, na ce aikin zai yi sauƙi. Ashe wanda bai magana shi ne wahala."

"Ita fa?"

"Uwar yaron ta ɗauka."

Ta ba ni labarin a taƙaice. Wani saurayi ne ke ba da tarihin kansa, ɗan wani gari bakin kogi, ya tafi birni neman ilimi. Ta Inna ta miƙa hannu za ta karɓe takardarta, ƙawar ta kauce tana dariya, ta shiga maido mini da ita Hausa layi bayan layi.

"Ta ce uwar nan mai busasshiyar zuciya ce. Ga hujja: tun farkon littafi har ƙarshe ba ta kira shi da sunansa ba. Ga wata: tana yaye shi ta miƙa wa kakarsa. Ga babbar: ranar da zai shiga jirgin ruwa gari duk ya raka shi, ita tana gida tana tankaɗe. Jigon, wai yaron da ya tashi ba son uwa. Saurari ƙarshen, Mama, nan mushe ya ja layi ya rubuta madalla. Wai ɗan da aka rena haka yakan koyi kada ya sa rai da komai daga uwarsa, kuma in ya tafi ba ya waiwaye."

Sai da ta kai ƙarshe ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta dube ni, ta dubi ƙawarta, dariyar ta tsaya.

Na ce, "Yaron nan ɗan fari ne?"

"Eh, Mama."

"To, ba daidai ba ne."

Mutanen unguwarmu sun san ni, ko akuya ta shiga shanyata ba na ɗaga murya. Ranar ma ban ɗaga ba. Amma na ajiye farantin da ke hannuna, na jawo kujera na zauna kusa da su, abin da ban saba ba. Na ce wa ƙawar ta buɗe mini wurin tafiyar, ta duba wa ya haɗa masa guzuri. Ta karanta, ta koma baya, ta sake karantawa. An ambaci ƙunshin guzuri, ba a ce ga wanda ya ɗaure shi ba. Na ce ta duba ko tuwon ranar ya ƙone, ko uwar ta ci abinci. Babu. Na ce to da jirgin ya tashi, me ta yi?

"Mama, labarin ya bi yaron cikin jirgi. Ba a ƙara komawa gidan ba."

"Ka ji. Ya faɗi abin da ya hango daga cikin ruwa, ku kuma kun yanke wa matar hukunci."

A nan ta Inna ta yi magana, idonta na kan takarda. "Yaya, abin da ba a rubuta ba, ba hujja ba ne. Haka ake aikin. In ban nuna layin ba, mushe sokewa zai yi."

Na san gaskiyarta ta fannin lakwal. Malamin bai yi laifi ba, ƙa'idar da aka koya masa ya koya musu, kuma ƙa'ida ce mai kyau, don da babu ita kowa sai ya ɗora wa littafi abin da ke ransa. Amma ni ba maki nake ja ba. Na juya wajen ƙawar, don har lokacin bakina bai iya fuskantar ɗayar ba.

"Ki gaya wa ƙawarki, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ya yi furfura. Ranar da ya kwanta ciwo ita ta sayar da gonarta ta fadama. Kakata ma haka. Duk matan nan busassun zuciya ne? Ni ban yarda ba. Ko duk malaman Doso za su sa hannu, ban yarda ba."

"To shi yaron ta yaya zai sani?" Wannan karon ta Inna ta ɗago kai, ni take kallo. "Ba ta faɗa ba, ba ta nuna ba. Duba zai yi?"

Na ce wa ƙawar, "Shekarar da ƙyanda ta kama ta a Tunuga, damina ce, hanya ta lalace. Ina da ciki tsoho na hau bayan amalanke na tafi."

"Na tuna," in ji ta Inna. "Ina kwance cikin ɗaki, idona biyu. Kin tsaya bakin ƙofa kin gaida Inna. Kin tambayi shinkafa, kin tambayi awaki, kin tambayi rufin ɗaki ko yana yoyo. Ina jira ki tambaye ni. Kin kwana, kin koma."

"Inna ta san abin da ya kawo ni. Kowa a gidan ya sani."

"Ni ban sani ba, Yaya. Yarinya ce ni."

Ƙawar ta shiga tattara littattafanta tana cewa uwarta na jiranta da kwandon kifi, alhali kowa ya san kasuwa ta tashi. Ta Inna ta ninke takardar ta shige ɗaki. Ni na koma kan shinkafata, kaji sun riga sun yi rabonsu.

Bayan magariba na kai wa maigidan tuwo, na ba shi labari. Ya wanke hannu yana murmushi.

"Ke ma dai. Maganar littafi ce, mutanen ciki ko rai ba su da shi. Yarinya ta samu maki, ki bar ta. In ta haifi nata za ta gane."

Na ce, "In ta haifi nata a Yamai, ina nan ina jira?"

Ya kai loma.

Ina wanke kwanoni ina juya maganar. Abu biyu ne suka tsaya mini, kuma kowanne na ƙi sakinsa. Na farko, ba zan je in ce mata na yi kuskure ba, don ban yi ba. Kunyar nan ba ƙiyayya ba ce. Ina yarinya ƙarama na haife ta a gidan surukai, duk ido na kaina, aka koya mini cewa ɗan fari na dangi ne, uwar da ta rungume nata ita kaɗai ta raba shi da masu sonsa. Na danne zuciyata don ta samu uwaye da yawa, ta kuwa samu. Wanda bai taɓa jin ɗansa na kuka goye a bayan wata mace ba, ya ci gaba da daka kamar bai ji ba, kada ya gaya mini mene ne busasshiyar zuciya. Na biyu kuwa, yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Ta yi aikinta tsaf yadda aka koya mata, ta tara abin da ido ya gani, ta auna, ta fitar da hukunci. Da matar littafin kaɗai ta auna da na yi shiru. To ba ita kaɗai ba ce, kuma watanni kaɗan suka rage ta ɗauki wannan hukunci ta sa cikin jaka ta hau mota.

Matar littafin ba ta da bakin kare kanta, wanda ya rubuta ta ya bar ta da rariya a hannu ya yi tafiyarsa. Ni ina da ƙafa.

Washegari da safe na bar shinkafa a jiƙe, na ɗauki mayafina na fita unguwa, na tsaya bakin ƙofa har ta fito da jakarta. Ta gaishe ni za ta wuce, na bi ta, ba a baya ba, kafaɗa da kafaɗa. Mun kai wajen famfo, matan unguwa na layi da bokitai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe haɓa.

"Lale! Yau me muke gani? Uwa da ƴar fari a jere kamar ƙawaye? Kunya ta ƙare a garin nan?"

Na ce, "Ba ta ƙare ba, Gwaggo, tana nan. Rakiya ce kawai."

Suka bushe da dariya, wata ta yi guɗa don tsokana. Ban sunkuyar da kai ba, ban ƙara sauri ba. Sunanta dai ban kira ba, har yau ban kira ba, kuma ba na jin zan kira. Muka bi gefen kwalta, ƴan kabu-kabu na ta danna mana oda, har muka hango ƙofar lise, makarantarsu.

"Yaya, ina za ki?"

"Wurin malaminku."

"Don Allah kada ki sa ya rage mini maki."

"Makinki naki ne, kin yi aikinsa. Tambaya zan yi masa, ko cikin wannan karatu naku akwai wurin da ake rubuta abin da mutum ya haɗiye. In akwai ya koya muku kafin jarrabawa. In babu ya gaya mini da bakinsa."

"Ba ki jin faransanci fa."

"Shi yana jin Hausa. Mace ce ta haife shi."

Ta tsaya tana kallona, har aka buga ƙararrawa. Ta cire jakarta daga kafaɗa, ta ce wa mai gadi, "Baba, uwata ce, tana son ganin mushen faransanci." Ya nuna mini benci ƙarƙashin dalbejiya, na gyara mayafina na zauna.