Hoton da Ban Aika wa Inna Ba

Shin maigidana ya gane cewa bakina ne ya tsayar da shi a cikin kwarin nan? Shekaru sun tafi, haƙorana sun zube, har yau ban san amsa ba. Ni ban yi lekkol ba, ban iya rubutu ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina kuka, kuma yau ne ita ma take fara jin yadda abin ya kasance.

A lokacin ni mace ce mai ƙarfi da saurin baki. Daga ƙasar Damagaram na biyo maigidana zuwa Tamanrasset, muna zaune a unguwar Sersouf, shi yana aikin gini a unguwar Tahaggart. Na shekara shida a garin amma Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba, kuma ban taɓa yarda in ce ban gane ba. Ko ban ji magana ba sai in gyaɗa kai. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa ganin ɗiyarmu ba, kullum saƙonta ke nan, a aiko mata hoto. Da Turawa masu yawon duwatsu suka rage zuwa, kayansu suka yi araha, sai ya samo tsohuwar kyamara a kasuwa. Ya ce ba zai aika wa Inna hoton ɗakin haya ba, sai na duwatsun hanyar Assekrem, ta ga inda Allah ya kai ɗanta.

Wani maƙwabcinmu mai mota ya sauke mu a bakin wani kwari, kan zai dawo washegari da la'asar. Muka kafa tamfal a kan tudu, na gasa gurasa a cikin rairayi irin ta Buzaye, shi yana dafa shayi yana tsokanata wai rabin gurasar ƙasa ce. Na ce to ya ci, ai magini ne, ya saba. Ban taɓa ganinsa da farin ciki kamar ranar ba.

Washegari da hantsi ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani har ya rufe kunnuwa, ya nuna mini inda zan sa ido da inda zan danna. Ya ɗora ɗiyarmu a wuya, ya sauka tsakiyar kwarin domin dutsen ya fito a bayansu, ni ina sama a kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse. Sama tas take. A garinmu ruwa ba ya zuwa sai ka ga hadari a kanka, ban san cewa a nan yana iya sauka can kan duwatsu ya gangaro maka da rana tsaka ba.

Sai na ji ihu. Wata tsohuwar Buzuwa mai kiwon awaki ce a kan dutse, tana kaɗa mayafi. Ta yi da yarensu, ta juya Larabci tana ta cewa alwad ja, alwad ja. Alwad shi ne kwari, tana nufin ruwa ya taho. Ni kuwa walad na ji, wato yaro. Maigida ya ɗaga murya ya tambaye ni me take cewa, don rawani da iska sun hana shi ji. Da na ce ban gane ba, da ya kwance rawanin ya saurara. Amma na ce masa wai wani yaro ne ya zo, ba da mu take ba, ya tsaya cik kada ya ɓata mini hoto. Har na yi masa tsawa. Ya yi dariya ya tsaya. Na danna.

Ƙarar ta fara kamar manyan motoci. Ba ruwa na fara gani ba, taɓo ne ja, ya ɗauko duwatsu da kututture. Ya ruga wajena, saura taku kaɗan wani dutse ya daki ƙafarsa, na ji ƙarar karyewar ƙashin. Yana durƙushe ya ɗaga yarinyar ya wurgo ta kan fa, goshinta ya fashe, tabon yana nan. Na cafke rawaninsa ina ja, ya yi ta warwarewa a hannuna har ya ƙare. Ina kallo ruwan ya buga shi da dutse, ya sake bugawa, ya tafi da shi.

Ni da tsohuwar muka bi gefen kwarin da gudu. Can ƙasa muka same shi maƙale a jikin wata bishiyar ƙaya, rigar ta tafi, haƙarƙarinsa ya lotsa, jini na fita ta baki da kunne. Muka jawo shi, na ɗora kansa a cinyata. Bai kai azahar ba. Da jandarma suka tambaye ni, na ce ba mu ji gargaɗin kowa ba. Tsohuwar ta dube ni.

Na kai an wanke hoton. Ga shi yana dariya, ga yarinya a wuyansa, can bayansu a kwanar kwarin ga wani jan layi. Na kasa aikawa. Inna ta rasu ba ta ga jikarta ba, wannan ma yana wuyana.

'Yan'uwana da ke zaune a ƙasar da ba taku ba, ina roƙonku, in ba ku gane magana ba ku ce ba ku gane ba. Kunyar minti ɗaya na guje wa, na sayi ta dukan rayuwa. Kada ku sauka cikin busasshen kwari don kun ga sama tas, kuma in mutanen wuri suna ihu, ku fara gudu kafin ku tambaya.

Na so in roƙe shi gafara yana kan cinyata, bakina ya ƙi buɗewa. Shi ne ya buɗe ido, ya nemi yarinyar har ya gan ta, sannan ya dube ni ya ce: "Uwar ɗiya, kin dai ɗauka ko? To, ki aika wa Inna."