Agogon Autanta

Dattijuwar tana tsaye a shagon gyara, tabarau a karan hanci, tana dangwalar kusurwar allon kwamfutarta da yatsa. Mai gyara ya goge komai, na'ura na gudu kamar sabuwa, amma fuskarta ba walwala.

"Ɗana, da akwai ɗan agogo a nan, da hoton gajimare. Autana ya saka mini kafin ya tafi. Da shi nake sanin ko ya tashi barci, ko ana ruwa a can."

"Yanzu zan mayar, Mama. Wane gari yake?"

Tana murza bakin mayafinta. Da alama autan ya daɗe bai kira ba, sunan garin kuwa bai taɓa zama a bakinta ba.

"Agogon ne ya sani," in ji ta.