Inda Fara Ta Tsaya

Teburin bilyar ɗin nan, wanda ake dukan ƙwallaye da sanda a kansa a jefa su rami, daga gidan wasan ma'aikatan Akokan ya fito. Da aka rufe ramin ma'adinin can aka shiga sayar da kaya, wani mai shayi ɗan Tahoua ya saye shi, ya kafa a rumfar kwano kusa da tashar motocin Agadez. Koren ƙyallensa ya koɗe, ƙafa ɗaya an tokare ta da guntun taya, amma bayan la'asar ba ka samun wurin tsayawa a rumfar. Dokar wurin ɗaya ce. Mai son wasa ya ajiye makullinsa a bakin tebur a bi layi, wanda ya ci kuma shi ke riƙe da sanda har sai an kayar da shi.

Ni a lokacin ina gyaran manyan motoci masu zuwa Assamakka, kuma ina ji da kaina a teburin nan ba kaɗan ba. Abin taƙamata shi ne efe, wato ka daki farar ƙwallo a gefe maimakon tsakiya. Sai ta tafi tana juyi, in ta taɓa bangon tebur ta karkata inda ba wanda ya zata. Ina son jin 'yan kallo sun ja numfashi. Ko inda dukan tsakiya zai wadatar sai na sa efe, don dai a ce ɗan Damagaram ya iya.

Surukina, uban matata, Ba'abzine ne da ya tuƙa motocin ramin Akokan tun yana saurayi, kuma a kan wannan teburin ya koyi wasa tun ƙyallen yana sabo. Tsakaninmu akwai kunya irin wadda aka sani, har ma ta fi, don mutanen Abzin ba sa wasa da ita. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a kasuwa sai na sake layi, in kuma muka yi kiciɓis na durƙusa na gaishe shi, shi kuma ya ja rawaninsa har bisa hanci ya amsa yana kallon gefe. Teburin ma mun raba shi ba tare da an zauna an yi magana ba, shi da hantsi lokacin muna gareji, ni da yamma.

Labarin wasansa a bakin mutane nake ji. Sun ce tsakiya kawai yake duka, wai fara in ka dake ta a cibiya tana zuwa inda ka aike ta, ta tsaya inda ka ce. Suna tsokanata da wannan, ni kuma in ce dukan tsakiya na masu tsoro ne, amma sai na waiga tukuna kafin in faɗa. Wani abu kuma na sani wanda 'yan rumfa ba su sani ba. Matata ta gaya mini hannunsa ya fara rawa, har ya daina zuba shayi da kansa in akwai baƙi. A gidan ba mai ambaton zancen.

Ranar da abin ya faru surukin nawa ya je taron suna da safe, sai ya zo rumfa da yamma. Ni na riga na kayar da mutane na tafi bayan rumfa shan ruwa, a nan ya shigo ya ajiye makullinsa, bai san wanda ke riƙe da sanda ba. Na dawo na kayar da wani direba, ina dariya na miƙa hannu na ɗauki makullin da ke biye. Sai na ga mariƙin fata mai jan geza. Matata ce ta ɗinka shi a gabana.

Yana zaune can ƙarshen benci. In ya janye makullinsa za a ce ya gudu daga mijin 'yarsa. In ni na ajiye sanda, na ce masa ke nan ya tsufa da wasa da ni. Mai shayi ya rage rediyo. Tsohon ya miƙe ya zaɓi sanda.

Na yanke shawara ba zan ci shi ba. Amma faɗuwa da gangan ma sai da dabara. Mai dukan tsakiya in ya kuskure don ganin dama, kowa zai gane, don ƙwallon ba ta da dalilin kaucewa. Efe kuwa an san ta da cin amanar mai ita, tana ture fara daga layi ko ga gwani. Sai na shiga zuba ta fiye da kima. In goga alli, in daki gefe, in kuskure da kaɗan, in yi tsaki kamar abin ya ba ni haushi. Har na ji wani yana cewa yau iyayin ɗan Damagaram ya kama shi, na ji daɗin maganar.

Shi kuwa yana wasa a hankali. Na lura hannunsa na rawa a kan ƙyalle, sai daf da duka yake iya tsai da shi. Na kusa yana jefa su rami, na nesa suna gagararsa. Don haka na riƙa kawo masa fara kusa. A haka har ya rage masa baƙar ƙwallo kaɗai, wadda ake jefawa a ƙarshe, ni kuma ina da biyu.

Duka ya zo kaina. Ƙwallona tana jikin bango, kuma duk wanda ya san tebur ya san in na daki tsakiya fara za ta gangara can ɗaya ƙarshen, ta bar masa baƙa da nisa. Na sunkuya na daki hagu, ƙasa-ƙasa. Tawa ta leƙa rami ta ƙi shiga, fara ta taɓa bango ta juyo, ta zo ta tsaya taƙi ɗaya bayan baƙa, saitin rami sak. Ban taɓa yin dukan da ya kai wannan kyau a teburin ba, kuma kyansa ne ya tona ni.

Ya daɗe yana kallon farar. Sai ya sa hannu ya ɗauke ta, abin da ba a yi, ya taka har ƙarshen tebur ya ajiye ta daidai inda ya kamata ta je. Sannan ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa.

"Nan ne wurinta, in an daki tsakiya," ya ce. "Kai ka sani, ni na sani."

"Baba," na ce, sai ya katse ni.

"Tsufa na yi, yaro. Ban makance ba."

Ya sunkuya daga can nesa. Da a cikin wasa fara ta je wurin, da ya kuskure kamar yadda kowa ke kuskurewa, a ce nisa ne. Yanzu kuwa idon kowa a rumfar na kan hannunsa. Hannun ya yi ta rawa, ya jira ya tsaya, bai tsaya ba. Ya dake ta haka nan. Sanda ta zame, fara ta gangara gefe, ko kusa da baƙa ba ta je ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na yi niyyar ajiye sanda, ya ce in ƙarasa. Ya tsaya a kaina yana kallo. Na daki tsakiya na jefa ta farko, na jefa ta biyu, na jefa baƙa, kaina a ƙasa. Ba wanda ya tafa. Ya ce madalla, ya miƙa wa mai shayi sandarsa, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Ni na koma rumfa bayan kwanaki, don ba ni da zuciyar barin tebur. Shi bai koma ba. Mai shayi ya ce mini ko da hantsi ba ya zuwa, ya faɗa yana wanke kofuna, bai dube ni ba. Gaisuwarmu ba ta sake ba. Ina durƙusawa, yana jan rawani, yana tambayar aiki da yara.

Wata rana matata ta dawo daga gidansu tana mamaki. Ta ce Baba yanzu a zaure yake wuni, ita kuma uwarta ta rasa yadda za ta yi da shi. Ta tambaye shi me ya raba shi da wasan da ya fi so, ya ce mata teburin ne ya karkace, ba ya wasuwa. Ta juyo ta ce tun da ni ina zuwa kullum, wai gaskiya ne ya karkace?

Na ce mata eh, ya karkace.